Daɓen Inna Sauda

Saura kaɗan in bar labarin nan ban rubuta ba. Abin kunya ne, kuma mai shi maƙwabciyarmu ce, kullum muna gaisawa ta kan katanga. Sai da ita da kanta ta ce ba komai, sannan na ɗauki biro.

A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, akwai wani tsohon gini a cikin gari wanda kowa ke kira Gidan Fatu. Sito ne na wani kamfani da ya daɗe da tashi, inda ake tara fatun awaki da na shanu kafin a yi kudu da su. Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, da rufin soro na azara. Tun da kamfanin ya tashi ba wanda ya zauna ciki sai jemagu da awakin unguwa. In damina ta faɗi, warin fata yakan taso daga bangon kamar jiya aka kwashe su.

Wannan ginin ne Kalilu mai hoto ya samu daga hannun kawunsa. Kafin nan a gindin dalbejiya yake sana'arsa, bakin tasha, ya rataya baƙin ƙyalle ya zaunar da mutum a kan benci, fim kuwa sai ya aika Sakkwato a wanko masa. Shi da matarsa Asiya, wato maƙwabciyar tamu, suna zaune a ɗaki guda a gidan yayansa a unguwar Badariya. Don haka ranar da ya karɓi makullin, sai ya riƙa zagaya ginin yana nuna wa Asiya da yatsa. Babban ɗakin gaba nan za a riƙa ɗaukar hoto. Ɗan ƙaramin na ciki mara taga nan zai riƙa wanke fim da kansa. Ɗakuna biyu na baya da tsakar gida kuwa nan za su zauna. Ita dai ta toshe hanci da gefen mayafi tana cewa to.

Aiki ya ci lokaci. Aka zare azarar da gara ta cinye aka sa sabuwa, aka yi yaɓe ciki da waje, aka kafa indararo. Aka yi ta shafa farar ƙasa ana maimaitawa kafin warin ya mutu. Wani mai zanen motoci ya zana wa Kalilu babban labule mai jirgin sama da gidan bene, wanda mutane za su tsaya gabansa. Ba abin da ya rage sai ƙasan ɗakunan, wanda Maiwada birkila ya baje ya daidaita. Buhunan siminti kuma an sauke an jibge su a zaure.

A tsakanin nan aka yi suna a gidansu Asiya a Argungu, ta tafi.

Asiya ɗiyar fari ce. Saboda haka, kamar yadda aka saba, mahaifiyarta Inna Sauda ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yi mata magana kai tsaye. Ƙanwar babanta, Goggo Balaraba, ita ta goye ta, ita ta yaye ta, duk da gida guda suke. In Inna na da magana da Asiya sai ta faɗa wa Goggo, ko da Asiyar na tsaye a wurin. Ita ma Asiya ta tashi a haka, ba ta san yadda ake zama a yi hira da Inna ba.

Bayan baƙi sun watse, Goggo ta ja ta bayan gida inda Inna ke juya kifi a kan banda.

"To 'yar birni, an ce mijinki ya sayi gidan jemagu."

"Ba saye ya yi ba, Goggo, kawunsa ya ba shi."

"Ni ko da goro anka haɗa mani ba ni kwana cikinai. Har yanzu yana wari?"

"Ya daina. An shafa farar ƙasa."

Inna ba ta juyo ba. Ta ɗaga wata tarwaɗa ta duba cikinta ta mayar, sannan ta ce, "Balaraba, tambayi yarinyar can ko an taɓa ƙasan ɗakunan."

Asiya na nan kusa, in ta miƙa hannu za ta taɓa zanen Inna. Ta dubi Goggo ta ce, "An dai baje shi."

"To ki hwaɗa mata kada a taɓa. Ni zan daɓe mata da hannuna."

Goggo ta rangaɗa guɗa har awaki suka firgita. A duk unguwarsu ba mai hannun Sauda wajen daɓe. Ɗakin da ta daɓe, amarya kan haifi 'ya'ya a ciki ta aurar da su bai tone ba. Amma ta daɗe da barin aikin saboda ciwon kafaɗa, har ɗiyar mai unguwa ta ƙi yi wa. Lokacin bikin Asiya kuwa ɗakin da aka kai ta a Badariya da simintinsa, ba abin da ya rage wa Inna ta yi, ta dai tsaya daga nesa ana jere. Yau ga ta da bakinta ta ce za ta yi.

Asiya ta ga buhunan nan na zaure a idonta kamar suna gabanta. Ta buɗe baki. Hayaƙin banda ya shiga idonta, ta share. Abin da ya fito daga bakin shi ne, "To. Allah ya saka da alheri."

A mota tana komawa Birnin Kebbi ta ce a ranta ai da sauƙi, Kalilu za ta gaya wa, shi mutum ne mai sauƙin kai. Washegari da rana ta kai abinci Gidan Fatu, ta iske shi da Maiwada zaune a kan buhunan suna hira.

"Jan siminti za mu yi a ɗakin gaba," in ji Kalilu. "A goge shi sumul."

"Bar ni da shi. Sai mutum ya ga fuskarshi a ƙasa kafin ya gan ta a hoto. Ba irin daɓen ƙauye ba, da kaza ka shiga ta tona ta yi wanka."

Kalilu ya yi dariya har da buga cinya. Asiya ta ajiye kwanonin a hankali ta juya.

Da yamma bayan ya ci tuwo ta sake gwadawa. "Malam, Inna ta ce..."

"Ta ce mi?"

"Ta ce a gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya kafaɗar tata?"

"Da sauƙi."

Daga nan sai ta koma jira. Ta ce wataƙila kafaɗar ta tashi Inna ta fasa. Wataƙila yankan shinkafa ya riƙe matan da za su taya ta. Wataƙila Kalilu ya riga su zuba simintin, ita kuma ta ce ba ta sani ba. Ba ko ɗaya da ya faru. Kalilu ya tafi Sakkwato ɗauko injin fitar da hoto, ya ce zai kwana can, da ya dawo Maiwada zai fara zubi. Ranar da ya tafi, wani direban Argungu ya tsaya ƙofar gida ya ba da saƙo cewa su Goggo na nan tafe gobe da sassafe.

Gari na wayewa Asiya ta riga su zuwa Gidan Fatu. Ta gwada jan buhu guda, ko motsi bai yi ba. Ta tattaro tsofaffin tabarmi da wani yagaggen asabari ta lulluɓe tulin gaba ɗaya, ta ɗora tulu a sama. Tana gamawa ta ji tsayuwar akori-kura a waje da hayaniyar mata.

Mata wajen goma suka sauko. Aka sauke buhunan jar marmara da suka daka tun a gida, da garewanin makuba da suka jiƙa da ɓawon ɗorawa, da madaɓai, da kwandon kifi banda na tsaraba. Inna ce ta sauko ƙarshe, riƙe da wani ƙullin tsumma da ba ta bari kowa ya karɓa ba.

Suka bazu cikin gidan suna leƙe-leƙe. Goggo ta tsaya gaban labulen mai jirgi ta riƙe ƙugu ta ɗaga haɓa. "Ku dube ni, na sauka Jidda!" Wata ta leƙa ɗan ƙaramin ɗakin nan mara taga ta ja da baya. "Ke Asiya, wanga kuma na wane? Ko nan shika kulle ki in miya ta yi gishiri?"

"Nan zai riƙa wanke hoto. Ba a son haske."

"Ikon Allah. Wanki cikin duhu."

Goggo ta gaji da tsayuwa ta koma zaure ta zauna a kan tabarmin nan. Ta ɗan motsa, ta bubbuga da tafin hannu.

"Mi kunka ɓoye nan ƙasa?"

Asiya ta kawar da kai. "Taki ne. Na yayan Malam, na shinkafa."

"Taki da tauri haka kamar dutse?"

"Sanyi ya taɓa shi."

"To ya yi hasara," in ji Goggo, ta miƙe ta ɗaura ɗamara. Inna na tsaye a bakin zauren tana kwance ƙullinta, ta ji komai.

Inna ta zagaya ɗakunan tana taka ƙasan da diddige. Ta ce wa Goggo a fara da na baya, a bar babban ɗakin gaba ya zo ƙarshe lokacin da hannu ya faɗa, domin nan ne baƙi za su fara gani. Aka zuba marmara aka baje, aka yayyafa ruwa, mata suka jeru a durƙushe kafaɗa da kafaɗa. Madaɓai suka fara sauka, da farko kowane da nasa, can sai suka haɗu suka zama guda. Wata ta ɗauko waƙa tana yi wa Kalilu shaƙiyanci, wai ya kori jemagu ya gaje gidansu, sauran suna amsawa. Matan unguwa suka fara leƙowa ta katanga, wasu suka shigo suka karɓi madaɓi suka taya.

Asiya ta zama mai ɗebo ruwa da girki. Ta ɗora tuwon shinkafa a tsakar gida, ta yi miya da kifin da suka kawo. Ta je ta tsaya kusa da Goggo da niyyar ta raɗa mata a kunne, Goggo ta ɗago fuska duk zufa ta ce, "Mi kike tsaye kamar an dasa ki? Kawo ruwa nan!" Ta kawo. Ta sake komawa, ta iske Goggo ce ke ba da waƙa. Ta ce bari a gama wannan ɗakin. Da aka gama shi ta ce ai yanzu kuma magana ta yi nauyi, bari a huta tukuna. Da aka huta aka sha fura, sai ta ga an riga an zuba marmara a ɗakin gaba.

Rana ta take. Inna ta cire ɗankwalinta ta ɗaure kafaɗar dama da shi tamau, ta ci gaba. Asiya ta ga lokacin da ƙurjin tafin hannunta ya fashe, ta ga ta yagi gefen tsumma ta naɗe. A bakin ƙofar babban ɗakin Inna ta zazzage abin da ke cikin ƙullin nan. Ɓawon makankari ne, ɗan uwan katantanwa na bakin gulbi, farare, duk girmansu guda, an wanke su tas. Ba abin da za a tsinta rana guda ba ne. Ta riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya a cikin ɗanyen daɓen, layi biyu, tana danna kowane da babban yatsa.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Balaraba, ki ce wa yarinyar can ta sa wani abu a cikinta. Tun safe ban ga ta kai hannu baki ba."

Asiya ta shige bayan gida ta tsuguna jikin bango, ta toshe baki da zane don kada a ji.

Bayan la'asar saura kusurwa guda a babban ɗakin. An shirya matan za su kwana, da safe in daɓen ya sha iska a sake bi a kashe tsaga, sannan a shafe shi da makuba. Sai ga kukan jakuna a ƙofar gida. Maiwada ne ya kawo yashi. Ya yi sallama ya shigo yana kaɗe hularsa, ya tsaya cak a bakin ƙofa.

"Subhanallahi! Wa ya sa ku wanga aiki?"

"Ji wani zance," in ji Goggo. "Ɗakin ɗiyarmu sai an sa mu? Ja da baya, malam, kada ka taka mana."

"Baba, ai gobe siminti za mu zuba nan. Duk wannan sai an bi shi da diga an farfasa, siminti ba ya zama a kan abu mai santsi."

Madaɓai suka tsaya.

"Wane siminti?"

"Ah ah. Ga shi nan a zaure kuna wucewa ta gabanshi." Ya koma ya sauke tulun ya yaye tabarmin. Ƙurar toka-toka ta tashi. "Ya kwana biyu nan. Amarya ta sani mana, a gabanta anka sauke."

Sai da ya faɗa sannan ya dubi fuskokin matan, ya dubi Asiya da ke tsaye riƙe da bokiti, ya gane ya taka wani abu. Ya sosa ƙeya. "Amma fa aikin ya yi kyau, wallahi. Na daɗe ban ga irinshi ba." Ya ce bari ya ga masu jakuna, ya fice.

Goggo ta miƙe a hankali, dafe da gwiwa. "Asiya. Taki kinka ce mani."

Asiya ta dubi bokitin hannunta.

Inna na durƙushe a kusurwar da ta rage. Ta ɗan jima haka, sannan ta ɗaga madaɓinta ta ci gaba. Ita kaɗai. Duk gidan ba abin da ake ji sai bugun nan guda, yana sauka a hankali saboda kafaɗar. Ba wadda ta taya ta, ba wadda ta hana ta. Sai da ta gama kusurwar, ta shafa da tafin hannu ta ji ya daidaita, sannan ta ajiye.

"Balaraba, tambaye ta. Ran da ta zo suna, ta sani?"

Goggo ba ta ma tambaya ba. Ta dubi fuskar yarinyar da ta goya ta ce, "Ta sani."

Inna ta miƙe ta je bakin tulu ta wanke hannu, ta kwance ɗankwalin daga kafaɗa ta mayar a kai. "Ku tattara mu tahi, mu samu motar yamma."

"Ga tuwo na gama," in ji Asiya.

Ba wadda ta dubi tukunyar. Wata daga cikin matan, tana ɗaure madaɓai, ta ce wa ta kusa da ita ba a ɓoye ba, "Shinkafata na can zube a fadama tsuntsu na ci, na baro ta don Sauda ta roƙe ni." Ta kusa da ita ta ce ta yi shiru. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, kowace na tsallake layin makankarin kada ta taka, ko da yake sun ji abin da za a yi masa.

Goggo ce ta tsaya ƙarshe. "Ni na goye ki. In kina jin nauyin uwarki, ni mi na yi maki? Da kin raɗa mani a kunne, da na san yadda zan juya zancen ba wanda ya ji kunya. Yanzu ta kwaso matan mutane daga gonakinsu, da wane ido za ta dube su?" Ta gyara mayafi ta bi su.

Asiya ta zauna a zaure kusa da buhunan, ba ta tashi ba har inuwa ta rufe tsakar gida. Gab da magariba mota ta tsaya. Ta ji muryar Kalilu yana cewa a sauke akwatin a hankali, ta ji Maiwada ya ja shi gefe suna magana ƙasa-ƙasa. Ya shigo ya wuce ta, ya tsaya bakin babban ɗakin ya daɗe yana kallo. Ya leƙa na baya. Ya je ya buɗe tukunyar tuwo ya mayar da murfin.

"Ba su ci ba?"

"Ba su ci ba."

"Inna ta zo gidana, ta wuni tana aiki, ta fita da yunwa." Ya zauna a kan buhu. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya ɗaga da ta fi samun sauƙi. "Mi ya hana ki gaya mani?"

"Na zo in gaya maka. Na iske kuna dariya kai da Maiwada, wai kaza na tona daɓe."

"To sai mi? Da kin yi magana ai da dariyar ta tsaya nan. Ni dodo ne?"

"A'a."

"Da na je Argungu da ƙafata na yi mata bayani. Ko a ce ta yi na baya, mu yi na gaba. Abu mai sauƙi." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Yanzu ko ni da wane ido zan gaishe ta? Cewa za ta yi ni na sa ki."

Asiya ba ta yi tunanin wannan ba sai yanzu. Ta ƙara sunkuyar da kai.

"Ɗakin wanki dole siminti," in ji shi. "Ruwa da magani ake zubarwa a ciki. Babban ɗaki kuma ma'aikata da 'yan makaranta da takalmi za su shiga, ba mai cirewa, takalmin ma shi suke so ya fito a hoto. Ƙura kaɗan ta hau gilashi ta ɓata mani aiki. Wannan ita ce gaskiya. Amma ni ba zan sa a ɗora diga a kan aikin Inna ba. Maiwada na zuwa da safe, ba abin da zan ce mashi. Ke za ki gaya mashi abin da za a yi, da bakinki."

Aka kira salla, ya tashi ya ɗauki buta.

Washegari tun kafin rana ta fito Asiya ta nemi izinin zuwa Argungu, Kalilu ya ce ta tafi. Ta biya ta Gidan Fatu. Maiwada ya riga ta, yana tsaye da diga da shebur, yana jiran wanda zai ce masa wani abu. Ta gaishe shi, idonta a ƙasa, ta faɗi abin da ta shirya.

"Na'am? Ban ji ba, amarya."

Ta ɗago. "Na ce ka fara da ƙaramin ɗakin. Sauran kada a taɓa sai na dawo."

"To, an gama."

Ta isa Argungu da hantsi. Gidan shiru, maza sun tafi gulbi, Goggo da sauran mata suna fadama. Hayaƙi kawai ke tashi daga bayan gida. Inna na zaune gaban banda, hannun dama naɗe da tsumma, tana juya kifi da na hagu. Asiya ta cire takalmi ta durƙusa. Ta gaishe ta, Inna ta amsa wa wuta.

"Inna, na san da simintin tun ran suna. Malam bai san kuna zuwa ba, ban gaya mashi ba. Ni kaɗai ce."

Inna ta dubi dama, ta dubi hagu. Ba kowa sai kaji. Ta gyara itace a wuta, ta daɗe tana gyarawa.

"Da kin ce siminti ne," ta ce, idonta a kan kifin, "da na daɓe naki ɗakin na dawo gida da farin cikina. Wurin sana'ar mutum wa ya isa ya hana shi yin yadda shika so? Amma taki kinka ce."

"Kunya na ji."

"Kunyar wa?"

Asiya ta so ta tsaya a rabin gaskiya, amma ta riga ta zo. "Da farko taki, in ce maki a'a. Daga baya da na ji suna dariyar daɓe..." Ta dubi ƙasa. "Daga baya kunyar a ce aikin gidanmu ne."

Wuta ta yi ƙara, mai ya ɗiga daga jikin wata ƙarfasa. Inna ta ɗauke ta ta mayar gefe. Ba ta ce komai a kan wannan ba, kuma Asiya ta san ba za ta taɓa cewa ba.

"Ki ce mashi ya zuba abinshi a na gaba," ta ce can. "Na bayan kin yayyafa masu ruwa da safe?"

"A'a."

"To rana na yi za su tsattsage. In kin koma ki jiƙa su kaɗan-kaɗan, ba kwarara ba, ki bi tsagar da madaɓi, sannan makuba. Na bar garwa guda a bayan ƙofa." Ta juya wani kifin. "Amma ba yanzu ba. Matan nan ni na bi su gida-gida na roƙe su. Ki bi su yadda na bi su, abin da kinka hwaɗa mani ki hwaɗa wa kowace. Waɗanda ke fadama ki same su can."

"Dukansu?"

Inna ta ci gaba da juya kifinta.

Asiya ta miƙe ta sa takalminta. Gidan farko na mai shinkafar nan ne da tsuntsu ke ci, yana kallon nasu. Ta tsallaka lungun, ta tsaya a bakin zauren har wani mai tura ruwa ya wuce yana kallonta. Daga ciki tana jin matar na faɗa da jikokinta. Ta gyara mayafi, ta yi sallama da ƙarfi yadda za a ji.